Zauren Harshe: Wa Ya Ce Yamai Tana Da Baki?

Wasiƙun wannan wata kusan duk ƙofa ɗaya suka ƙwanƙwasa, wato adon harshe. Ban yi mamaki ba. Jarrabawar bak, ta kammala lise, ta ƙarato, yara sun tuna da littattafan da suka jibge tun watan Oktoba. Na tsamo biyar. Masu tambaya kan rubutun Ajami su ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a nan Yamai, unguwar Boukoki. Mushenmu, wato malaminmu na Faransanci, ya koya mana metafor da metonimi. Na haddace ma'anarsu tsaf, amma da zarar an ajiye waƙa a gabana sai su cakuɗe mini. Don Allah a warware mini da Hausa, da misalin da zan riƙe.

Amsa: Ƴata, haddar ce ta cuce ki. Rufe littafin tukuna, ki kasa kunne ga yadda ake magana a gidanku, don duk abin da mushe ya rubuta a allo kakarki tana yin sa tun safe har dare, sunansa ne kawai ba ta damu da shi ba.

Idan maroƙi ya tsaya gaban sarki ya ce masa "zaki" ko "toron giwa", ya ɗauko dabba daga daji ya ɗora wa mutum. Abin da ya haɗa su kama ce: ƙarfi, kwarjini, ban tsoro. In aka cire wannan kamar, sarki da zaki ba su da wata hulɗa, ba gida ɗaya suke kwana ba. Wannan shi ne metafor, masu nazarin adabin Hausa suna ce masa siffantawa. In aka sa "kamar" ko "tamkar" ko "awa" a tsakani, ya koma kamance.

Yanzu saurari wannan: "Gidan wane sun shekara arba'in suna neman rawani." Yadin rawani yana nan jibge a Babbar Kasuwa, mai kuɗi ya shiga yau ɗin nan ya saya. Ashe ba yadi suke nema ba, sarauta suke nema. Sarauta kuwa ba ta yi kama da rawani ta kowace fuska ba. Zaman tare ne ya haɗa su: da rawani ake naɗa mutum, kuma a kansa ake ganinsa kullum. To wannan shi ne metonimi, a kira abu da sunan maƙwabcinsa.

Ga awon da nake ba ɗalibaina sa'ad da nake aji. Cusa "kamar" tsakanin abin da aka faɗa da abin da ake nufi. "Sarki kamar zaki" ta zauna daram. "Sarauta kamar rawani" kuwa kunne ya ƙi ta. In ta zauna, siffantawa ce. In ta ƙi zama, nemi maƙwabtaka.

Maƙwabtakar iri-iri ce, kuma lokacin kokowa ya fi kowane lokaci arzikin misalai. A Tahoua aka fara gasar ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe ta. A shekarun baya-bayan nan da Issaka Issaka ya yi ta kayar da maza, abin da ke bakin kowa shi ne "Dosso ta ɗauki takobi". Kalma huɗu, metonimi biyu. Dosso ba ta shiga fili ta sa laya ba, mutum ɗaya ne daga jihar ya shiga, an kira shi da sunan wurinsa. Takobin kuma ba ƙarfen ake wa guɗa ba, sarautar kokowa ce, an kira ta da sunan abin da ake miƙa wa mai ita.

Tarihin mulkin ƙasar nan ma da tufafi biyu muke ba da shi. Ranar 15 ga Afrilu 1974 da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, cewa ake yi masu kaki sun karɓe daga farar hula. In soja ya shiga takara, a ce ya tuɓe kaki. Sutura ce ta tsaya a madadin mai sa ta da aikinsa. Je ki kasuwar Katako ki ji dillali yana cewa "Galmi ta yi tsada bana". Garin yana nan inda yake a jihar Tahoua, ba a sa shi a kasuwa ba, albasarsa ake nufi. A gida kuwa "tukunya ta tafasa", alhali ruwan cikinta ne ya tafasa. Ƙanenki "ya ci kwano biyu", kwanonin kuma suna nan ana wanke su. "Kasuwa ta watse", rumfunan ba su motsa ba. Hatta jikar da kike ba mai taksi ya ba ki canji, sunan jakar da ake zuba kuɗi ne ya koma kan kuɗin. Mazubi ne ya ari bakin abin da ke cikinsa.

Karin maganarmu ta fi son gaɓoɓin jiki. "Zumunci a ƙafa yake": ƙafa ita ce zuwa da dawowa. "Kunne ya girmi kaka": kunne shi ne labarin da aka ji. "Baki shi ke yanka wuya": baki magana ne, wuya kuma rayuwar mai shi. In magidanci ya ce "baki goma nake ciyarwa", ya kira mutum sukutum da sunan sashe ɗaya na jikinsa. Wannan reshen shi ne mushe zai ce miki sinekdok. Wasu masana suna ƙirga shi cikin metonimi, wasu suna ware masa ɗakinsa. A jarrabawa bi abin da mushenki ya koya miki, gardamar ba taki ba ce.

Kada ki ɗauka rabon nan na kama da maƙwabtaka wasan malamai ne. Wani masanin harshe haifaffen Rasha, Roman Jakobson, ya yi rubutu a 1956 kan mutanen da ciwon ƙwaƙwalwa ya taɓa musu magana. Ya nuna akwai wanda in sunan abu ya ɓace masa sai ya cafko na kusa da shi: a nuna masa fitila ya ce tebur, a nuna masa lofe ya ce hayaƙi. Hanyar kama ta toshe masa, ta maƙwabtaka ce ta rage. Akwai kuma wanda nasa ciwon akasin haka ne. Hanyoyi biyu ne daban a cikin kan ɗan Adam.

Saura abin da ya fi duk wannan, kuma nan ne yara ke zubar da maki. Ki rubuta "wannan metonimi ne" ki ajiye bik, ba ki yi komai ba tukuna. Suna kawai kika raɗa. Kowane abu yana da maƙwabta da yawa, sai ki tambayi kanki me ya sa mawaƙi ya zaɓi wannan ya bar sauran. Ɗauki aure. Ana iya cewa "an sa ta a lalle", ana iya cewa "an shafa fatiha", ana iya cewa "an kai ta ɗakinta". Duka uku aure suke nufi. Amma mai lalle yana tsaye a cikin gida tsakanin mata da ƙawaye da kukan amarya. Mai fatiha yana ƙofar gida tsakanin waliyyai da goro da sadaki. Mai ɗaki ya riga ya wuce biki, yana kallon zaman da zai biyo baya. Maƙwabcin da mawaƙi ya zaɓa shi ke gaya miki inda ya tsaya yake kallo, da abin da ya ba wa baya. In kika rubuta wannan, mai gyara zai gyara zama.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni almajiri ne, ina karantar da manya da yara a zaure a Tahoua. Ɗana ɗan boko ya zo mini da wannan metonimi yana rawar kai kamar ya tsinci sabon abu. Na ce masa kinaya ce, mun karanta ta a Balaga, ilimin fasahar magana na Larabci, tun ba a haife shi ba. Ya ce ba ita ba ce. A raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, a kan tsufan ilimin, kai ke da gaskiya, ba ko tantama. Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu wajen shekara ta 471 bayan Hijira, ya riga ya feɗe waɗannan abubuwa har wutsiya, Assakkaki kuma da ya rasu a 626 ya zo ya tsara su babi-babi. A kan suna kuwa, Malam ya yi haƙuri, yaron bai faɗi ƙasa ba.

Malam ya fi ni sanin cewa ilimin Bayani, reshen Balaga, ƙofa uku gare shi: tashbihi (wato kamance), majazi, kinaya. Majazi kuma in alaƙarsa kama ce, sunansa isti'ara, ita ce siffantawar da na yi wa ƴarmu ta Boukoki bayani a sama. In alaƙar wata aba ce ba kama ba, sunansa majazi mursal. To abin da yaron ya kawo daga lakwal, mafi yawansa a wannan ƙofar yake zaune.

Misalan da malaman Balaga ke jawowa daga Alƙur'ani sun ishe mu. A Suratu Yusuf aya ta 82, ƴan'uwan Annabi Yusuf sun ce wa mahaifinsu ya tambayi alƙaryar da suka kasance a cikinta. Ba a tambayar katanga, mutanen garin ake nufi, daidai da "kasuwa ta watse". A Baƙara aya ta 19 an ce suna sanya yatsunsu a kunnuwansu, alhali kan yatsa ne kaɗai ke shiga kunne: an ambaci duka, ana nufin sashe. A Nisa'i aya ta 92 an yi umarni da ƴanta wuya, ana nufin bawa gaba ɗayansa: an ambaci sashe, ana nufin duka. A Yusuf aya ta 36 ɗan kurkuku ya ce ya ga kansa yana matsar giya, alhali inabi ake matsa, an kira shi da abin da zai zama. A Nisa'i aya ta 2 an ce a ba marayu dukiyarsu, ba a kuwa miƙa musu ita sai sun balaga sun fita daga maraici, an kira su da abin da suka kasance a da. A Gafir aya ta 13 an ce ana saukar da arziki daga sama, ruwa ne ke sauka, arzikin a bayansa yake zuwa. Duk manomin Adar ya san wannan ta ƙarshe ba sai an yi masa tafsiri ba.

Kinaya tata hanyar daban. A majazi mursal akwai abin da ke hana ka ɗaukar maganar a zahirinta, tunda gari ba ya amsa tambaya. A kinaya kuwa zahirin yana iya zama gaskiya, sai dai ba shi ake hari ba. Balarabe ya ce wane "mai yawan toka ne". Mai yiwuwa in ka je gidansa ka tarar da tokar tuli. Amma so ake ka bi sawu: yawan toka daga yawan wuta, yawan wuta daga yawan girki, yawan girki daga yawan baƙi, har ka isa ga karamci. Mu ma muna da irinta. "Tukunyarsa ba ta sauka daga murhu." "Takalma ba sa yankewa a ƙofar zaurensa." In baƙo ya tambayi maigida aka ce "ya ɗauki buta", da gaske ya ɗauke ta, kuma kowa ya gane inda ya nufa. In aka ce matar wane "ta yi nauyi", nauyin gaskiya ne, albishir ɗin kuma yana bayansa. Kunya da ladabi su ne gonar kinaya a Hausa, shi ya sa ta fi yawa a bakin mata da dattawa.

Inda Malam ya samo tasa hujjar shi ma a fili yake. Ƙamusoshin Larabci da harsunan Turawa sun saba fassara kinaya da metonimi, tunda duka biyun maƙwabtaka suke bi, ba kama ba. Saboda haka in ana hira ce, a ce kinaya ba laifi. In ana feɗe baiti ne, a raba su. Na san akwai manyan malamai, irin su Ibn Taimiyya, da ba su yarda da raba magana gida biyu, haƙiƙa da majazi ba. Wannan fagen malaman tafsiri da aƙida ne, shafin nan bai kai can ba. A gaishe mini da yaron, a kuma zaunar da shi ya ɗauki Balaga, ga alama kansa zai ɗauka.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni, ina kwana a Harobanda, asalina ɗan Adar ne. Ina gwada rubuta waƙa kan ƴan cin rani na ƙauyenmu. Ga baiti uku, a duba mini adon da ke ciki, kada a ji nauyina:

*Hauya na jingine jikin rumbu,*
*Hannuwanta sun hau mota tun bara.*

*Baki tara ke jiran tukunya ɗaya,*
*Wayar Abijan ta yi shiru tun Ashura.*

*Talauci zaki ne, ya buɗe baki,*
*Ya cinye garinmu, tsinke da kara.*

Amsa: Ɗana, tunda ka ce kada a ji nauyinka: baiti biyu na farko waƙa ce, na uku kuwa ƙari ne da bai ƙara komai ba.

A ɗango huɗu na farko ba ka ambaci talauci ba, ba ka ambaci yunwa ba, ba ka ambaci mutum ko ɗaya da sunan mutum ba, amma duk suna nan. Hauya ita ce noma, kayan aiki a madadin aikin. Da ka ce "an daina noma" da labari ka ba mu. Da ka jingine hauyar a jikin rumbu sai muka gani da idonmu, kuma ka ajiye ta daidai jikin abin da ya kamata ta cika. Wannan rumbun ba ka ce wayam yake ba, mai karatu ya leƙa da kansa.

Sai "hannuwanta". Nan na daɗe ina kallo. Samarin ƙauye ne ka kira hannuwa, sashe a madadin duka, wannan kowa yana yi. Abin da ba kowa ke yi ba shi ne ɗan "-nta" da ka liƙa. A al'ada mutum ke da hauya. Kai ka juya, hauya ce ke da hannuwa, su ne suka gudu suka bar ta. Ka sa mu kalli tafiyar samarin da idon gona, wadda ba ta san sunan kowa ba, ƙarfinsa kawai ta sani. Uwa ba za ta taɓa cewa hannunta ya hau mota ba, "ɗana" za ta ce. In ka ci gaba da waƙar, ka ba uwar baiti, ka ga yadda adon zai sauya da kansa.

Baiti na biyu ya amsa na farko. Hannuwa sun tafi, bakuna sun rage. An raba jikin gida biyu, mai nema ya yi gaba, mai ci ya zauna. Wannan ita ce zuciyar waƙarka, kuma duk wanda ya san ƙauyukan Adar bayan an gama girbi, daga tsofaffi sai mata sai yara, zai ce haka ne. Tara da ɗaya da ka jera a ɗango guda sun yi lissafin da ba ya bukatar sharhi. "Wayar Abijan" kuma hawa uku ce: Abijan a madadin wanda ya je can, waya a madadin muryarsa, muryar kuma a madadin ɗan abin da yake aikowa. Shirun waya a gidan ɗan cin rani ba kewa kaɗai ba ne, tiyar hatsi ce ba a auno ba. Ka kuma yi daidai da ka auna lokaci da Ashura, ba da Satumba ko Oktoba ba, don da ita mutanen gidan suke ƙirga.

Sai ga zaki. Me ya kawo shi? Bayan ka gina waƙa da kayan da ke tsakar gidan, hauya da rumbu da tukunya da waya, ka tafi daji ka ɗauko dabbar da yaran ƙauyenku ba su taɓa gani ba sai a gidan kallo na Yamai. Siffantawa ba laifi ba ce, amma wannan ta sha hannu, an kira talauci zaki, an kira shi kura, an kira shi dodo tun kafin a haifi babanka. Ta kuma yi maka ɓarna biyu. Ta faɗi sunan abin da ka yi wahalar ɓoyewa, kamar ba ka yarda mai karatu ya gane ba. Sannan "ya buɗe baki" ta zo ta hau kan "baki tara", sai bakin yara masu jiran tuwo ya gauraya da bakin dabba mai cin mutane. Ban ɗauka haka ka nufa ba. Cire baitin. In kana son na uku, koma tsakar gidan ka duba abin da ba ka taɓa ba tukuna: turmi, akuya, ko ƴan kunnen da aka kai kasuwa. Maganar kari da tsawon ɗango kuwa, ɗango na huɗu ya fi ƴan'uwansa tsawo, rera shi da baki za ka ji inda yake tuntuɓe.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Wadata, rediyo ba ta barin kunnena. Kullum sai in ji "Yamai ta ce", "Abuja ta musanta", "Paris ta yi gargaɗi". Ni a Yamai nake, ban ce komai ba, ba a kuma tambaye ni ba. Wannan ba ƙarya ba ce?

Amsa: Alhaji, ba ƙarya ba ce, amma ƙorafinka yana kan hanya. Ɗan jarida yana da minti uku da labari goma, sai ya kira gwamnati da sunan garin da take zaune, ko da sunan ginin: fadar Kremlin, fadar White House, Aso Rock. Ba daga Turawa muka koya ba. Tun kafin rediyo ana cewa "fada ta ce". Hikimar ita ce, in maganar ta yi daɗi ta sarki ce, in ta yi ɗaci a ce fadawa ne, sarki ya samu ƙofar janyewa ba tare da rawaninsa ya taɓa ƙasa ba.

Matsalar tana zuwa ne in mai sauraro ya manta cewa gajerta magana aka yi. A watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, kuma Illela tana cikin huɗun farko da aka buɗe. Duk tsawon watannin nan abin da ake ji shi ne "Najeriya ta rufe mana iyaka". Mutumin Illela kuwa, wanda ƙanwarsa ke aure a Birnin Konni, shi ma kasuwarsa ta mutu, shi ma ba a tambaye shi ba. Sunan ƙasa ya lulluɓe mai yanke hukunci da wanda hukuncin ya faɗa wa a mayafi ɗaya. Daga nan ne ake fara jin haushin mutanen da ba su ji ba su gani ba.

Masu jawabi sun san wannan sarai, kuma ga abin da nake so ka riƙa lura da shi. In aikin yabo ne, mutum yana fitowa fili: "na gina", "na kawo", "mun haƙa". In abin zargi ne, sai mutum ya ɓace, gini ko kaya su ɗauki laifi: "ma'aikata ta yi jinkiri", "takarda ba ta fito ba", "umarni ne daga sama", "harsashi ya same shi". Takarda ba ta da ƙafa, wani ne ya danne ta a tebur. Harsashi ba ya tashi don kansa. Haka "akwati zai yi magana" lokacin zaɓe: daɗin ji gare ta, sai dai ta tsallake masu jefawa da masu ƙirgawa, alhali a hannunsu maganar take. Sai kuma "talaka", tilo, wanda kowane ɗan takara ke rantsuwa da guminsa. Gumi a madadin wahala adon kirki ne. Amma talaka ɗaya a madadin miliyoyi yana sa a manta cewa bukatar makiyayin Abalak daban take da ta mai turin kura a Yamai, wani lokaci ma karo suke yi.

Ba cewa nake a daina ba, ba mai iya magana ba tare da wannan ba, ni ma yanzu na ce "rawaninsa". In dai jumla ta shafi kuɗi, ko jini, ko alhaki, to tsaya ka mayar da mutum cikinta. Wa ya ce? Wa ya sa hannu? In mai jawabi ya amsa da suna, adon harshe ne. In ya sake miƙo maka wani ginin, labule ne.

Tambaya: Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne a Tahoua. A ƙuruciyarmu jam'iyyar RDA giwa ce, jam'iyyar Sawaba raƙumi. Wannan wane irin ado ne a cikin waɗanda kuke faɗa?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan alamtarwa ce. Bambancinta da sauran shi ne sai an zauna an amince, sannan a koya wa jama'a. Baƙon da ya sauka ƙasar nan lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, sa'ad da Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a, ɓangaren Diori Hamani ya ce i, ba zai gane raƙumi na wa ba ne sai an gaya masa. Amma ko a ranar ya sauka, in ya ji "tukunya ta tafasa" ya gane.

Sai dai alama ba daga sama take faɗowa ba, yawanci tsohuwar siffantawa ce ko tsohon metonimi da ya daskare. Giwa daga kama ta fito, girma da ƙarfi. Dubi tambarin ƙasa kuma: rana a tsakiya, mashi da takubba biyu na Abzinawa, zangarniyar gero uku, da kan sa. Geron manoma ne, san makiyaya ne, makaman kuma mayaƙan da ne, kowane rukuni an kira shi da abin da ke hannunsa. Maƙwabtaka ce tsantsa, hukuma ta buga mata hatimi ta zama alama. Shi ya sa ɗan firamare a Bouza zai iya fassara geron da san da kansa, amma ruwan goro da fari da kore na tutar da aka amince da ita a Nuwamba 1959, sai mushe ya faɗa masa ya rubuta a kaye.